Mararraba a Cikin Akwati

Ƙarfe bakwai saura kwata.
Ina ɗakin sanyi, bayan sutudiyo,
ni da akwatin nan mai ƙofar shiga talatin da biyu,
ta fita talatin da biyu.
Malam Jatau da ya koya mini aikin
mahaɗar Kawo yake ce masa:
kowa da inda ya fito, kowa da inda za shi,
kuma ba a yarda a yi karo ba.

Hoto mai kaya ne,
tirela ce daga Kakuri an lafta mata buhu har wuya,
sai titi mai faɗi, sai waya mai kauri,
ga tsayawa a kowane shinge.
Murya kuwa ɗan acaɓa,
siririn lungu ya ishe ta,
kafin ka ce kwabo ta isa.
In na bar su da halinsu,
maganar Larai za ta riga bakinta fita,
'yan Rigasa su ce aljani ke karanta labarai.
Shi ya sa muke riƙe wa murya gefen zane:
dakata, jira yayanki,
ƙiftawar ido ce kawai.

Wani hoton da goyo yake zuwa,
murya goma sha shida ɗaure a bayansa,
waya ɗaya ta kwaso su duka.
Wani kuma shi kaɗai yake tafe,
muryarsa ta biyo ta ƙofar baya
sai na haɗa su da hannuna.

Akwai tsohon kaset a sito,
wasan kwaikwayo tun ina firamare.
Shi yarensa igiyar ruwa ne,
yana hawa yana sauka
kamar kogin Kaduna a watan Agusta,
har da yayin da ya kwaso a hanya.
Sababbin kyamarori ba su san wannan ba,
su ƙidaya suka iya,
ɗaya, sifili, sifili, ɗaya,
ko ka ji su tas, ko ka ji tsit.
Akwatin ba ya tafinta.
Sai na ajiye ƙaramar na'ura a bakin ƙofa
ta auna ruwan tsohon da cokali,
ta mayar da shi lissafi,
sannan a ce masa bismilla.

Dukansu kiɗa ɗaya suke bi,
bugun da kunne ba ya ji.
Tsakanin hoto da hoto akwai ɗan duhu,
ido bai taɓa kama shi ba,
a nan akwatin ke sauya hanya.
In ya kuskure wurin, allo ya yage.

Ran wata Laraba na raba su da gangan.
Hoto zan ɗauko daga Barnawa, inda ruwa ya ci gidaje,
murya daga wayar Bitrus da ke tsaye a kan gada.
Yatsana ya zame.
Daƙiƙa huɗu cur
bijimin kasuwar Zango ya cika allo yana tuƙa,
muryar wani babba tana fita daga bakinsa:
jama'a sun gamsu da aikinmu.
Malam Jatau bai ce uffan ba.
Ya miƙo hannu ta kafaɗata ya danna goma sha ɗaya,
sai da aka shiga talla ya fita waje,
na jiyo dariyarsa ta rinjayi janareta.

Goma ta gota nake sauka a Sabon Tasha.
Inna ta ɗumama tuwo, ta zauna tana kallona.
Shekara shida kana gidan talbijin, in ji ta,
ban taɓa ganin ka a ciki ba.
Na ce kin gan ni sau ɗaya, Inna,
ranar da sa ya yi jawabi.